Sharhi: Kyaftin Hartenstein da Mutanen Jirgin Laconia

Sharhinmu na yau a kan Werner Hartenstein ne, hafsan sojan ruwan Jamus, haifaffen garin Plauen a 1908. Ya shiga soja a 1928, a 1941 kuma aka damƙa masa jirgin yaƙi mai tafiya ƙarƙashin teku, U-156. Aikinsa a Yaƙin Duniya na Biyu shi ne farautar jiragen Ingila da ƙawayenta, ya kuwa nutsar da su da dama. Sojan Hitila ne, ba wanda zai wanke shi daga wannan.

Daren 12 ga Satumba 1942, can kudu da gaɓar Laberiya, ya harbi wani jirgin ruwan Ingila mai suna Laconia. Da ya taso saman ruwa sai ya ji ihun mutane da harshen Italiya. Ashe cikin mutum sama da 2,700 da jirgin ya ɗauko, kusan 1,800 fursunonin yaƙi ne 'yan Italiya, ƙawayen Jamus, ga kuma mata da yara.

Bai nutse ya gudu ba. Ya tsamo kusan mutum 200 ya cusa a jirgin da ko mutanensa da ƙyar yake ɗauka, ya ɗaura kwale-kwalen ceto a baya yana ja. Sannan ya yi shela ta rediyo da Turanci, ya faɗi inda yake, ya yi alkawarin ba zai taɓa duk jirgin da ya zo agaji ba. Wasu kan ce don Italiyawa ya tsaya. Haka ne, amma Ingilishi ma ya tsamo su, ya shayar da su, ya ciyar da su.

Ran 16 ga wata, da tutar Red Cross shimfiɗe a jirginsa, wani jirgin saman Amurka daga tsibirin Asenshan ya zubo masa bamabamai, har ya hallaka wasu daga waɗanda aka ceto. Wannan hari abin kunya ne. Washegari Admiral Dönitz, shugaban jiragen ƙarƙashin teku na Jamus, ya haramta wa jiragensa ceton mutanen jiragen da suka nutsar, umarnin da ya fi harin muni. Jiragen Faransa, har da wanda ya taso daga Dakar, suka kwashe kimanin mutum 1,100 da suka tsira.

Ran 8 ga Maris 1943, jirgin saman Amurka ya nutsar da U-156 gabas da tsibirin Babados. Hartenstein yana da shekara 35, kuma cikin mutanensa ba wanda ya tsira.