Zomo Ya Samu Mai Tsaya Masa, Saura Mai Tsintar Ƙwara

Duk wanda ke yi wa 'yan matan nan dariya don suna juya kwalbar man shafawa suna neman hoton zomo kafin su biya kuɗi, bai san abin da ake yi wa zomon ba ne. A makon nan na ji irin dariyar da kunnena a wani gidan suna. Wata ce ta ce Turawa ƙoshi ya yi musu yawa har sun koma tausayin zomo, su kuma 'ya'yanmu da ke karatu a can sun kwaso ɗabi'ar sun dawo mana da ita. Aka yi ta shewa. Ni ban ga abin shewa ba, kuma tun ranar raina bai kwanta ba.

A shekarar 1944 wani masanin guba mai suna John Draize, ma'aikacin hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ya fito da gwajin da har yau ake kira da sunansa. Ana sa zomo cikin akwati a maƙale wuyansa, kansa kaɗai ke waje, a ja fatar idonsa a ɗiga masa abin da ake son gwadawa, ko sabulun wanke gashi ne ko gazal. Sai a bar shi kwana da kwanaki ana zuwa ana duba yadda idon ya yi ja, ya kumbura, ya fara ruwa, wani lokaci ya makance. An zaɓi zomo ne don idonsa babba ne, ba ya yawan hawayen da zai wanke abin, ga shi ba ya faɗa. Idan an gama, kashe shi ake yi. Duk wannan don mace ta samu abin zizara wa ido.

Mu da tun muna Islamiyya aka karantar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, bai kamata a ce sai Bature ya koya mana wannan tausayin ba, balle mu mayar da shi abin ba'a. Su ma Turawan ba da daɗi suka bari ba. A 1980 wani ɗan gwagwarmaya, Henry Spira, ya sayi shafi guda a jaridar New York Times ya tona yadda kamfanin Revlon ke makantar da zomaye, sai da kamfanin ya ba da kuɗi don a nemo wata hanyar gwaji. Birtaniya ta daina ba da izinin gwada kayan kwalliya a kan dabbobi a 1998. Tarayyar Turai ta kammala haramcinta a watan Maris na 2013, Indiya ta bi sahu a 2014. Yanzu ana gwadawa a kan fatar mutum da aka raina a ɗakin bincike, kuma ba mu ji an ce matan Turai sun rasa hoda ba.

To amma ni faɗana bai tsaya kan masu shewa ba. Ina da wani da manyan kantunan da ke sayar da kayan.

Da na je Landan duba ɗiyar yayana, ita ta ja ni wani katafaren kantin kayan kwalliya, irin wanda tun daga bakin ƙofa ƙamshi zai buge ka. Fitilu ko'ina, madubi ko'ina, jan baki jere reras daga ruwan goro zuwa ruwan hanta, 'yan mata kowace bayan hannunta ya sha zane-zane wajen gwada launi. Na ɗauki wata hoda da aka rubuta wa kalamai masu daɗi a gaba, sai yarinyar ta karɓe ta kifa ta.

"Gwaggo, bayan za ki duba. Gaban talla ne."

A bayan kuwa akwai zomo, sai dai zomayen ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai tsalle, tambarin Leaping Bunny, wanda tun 1996 ake ba kamfanin da ya yarda a bi diddigin har masu kawo masa sinadarai. Akwai na ƙungiyar PETA, wanda galibi kan sanarwar da kamfani ya sa wa hannu ya dogara. Sannan akwai zomon da kamfani ya zana wa kansa ya manna, ba wanda ya tantance shi. Hukumar Amurka da na ambata ta faɗa da bakinta cewa babu wata doka da ta fayyace ma'anar wannan iƙirari, kowa na iya rubutawa. Kamfani zai ce shi bai gwada a kan dabba ba, alhali wanda ya sayar masa da sinadarin ya gwada. Wani kuma zai rantse a Landan, amma yana kai kaya Sin, inda har zuwa watan Mayun 2021 dole ne a gwada kayan kwalliyar da aka shigo da su a kan dabbobi. Ko bayan sassaucin, irin su rinin gashi da man kariya daga rana ba su tsira ba. A Turan ma akwai ƙofar baya. A 2023 wata kotun Tarayyar Turai ta tabbatar da umarnin da aka ba kamfanin Symrise na Jamus cewa ya gwada wasu sinadarai biyu na man rana a kan dabbobi, wai don kare lafiyar ma'aikatan masana'anta.

Haka muka yi ta tsayuwa, ita da waya a hannu tana duba sunayen kamfanoni, ni ina kanne ido a kan rubutun da ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta. Kantin da ya iya ware turare gefe guda, jan farce gefe guda, ya kasa ware kayan da aka tantance daga waɗanda suka yi wa kansu shaida? Bai kasa ba. Ruɗanin yana kawo masa ciniki, shi ya sa ya bar wa mai saye wahalar.

Sai kuma tambari na biyu, mai hoton ganye, na kayan da babu komai na dabba a cikinsu. Mutane na haɗa shi da na zomo, har ma'aikaciyar da muka tambaya ta ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Ana iya samun jan bakin da bai taɓa idon zomo ba, amma jan nasa daga jikin ƙwaro aka tatso shi, wani ɗan ƙwaro da ake kiwo a kan shuka mai ƙaya, galibi a ƙasar Peru, a busar a niƙe. A jikin kwalba za ki ga an rubuta CI 75470. Akwai kakin zuma, akwai maiƙon gashin tumaki, akwai ƙyallin da ake samu daga ɓawon jikin kifi, akwai man hantar kifin shak. Musulma da yawa a can suna bin wannan tambarin ne don gudun kitsen alade, kuma yana taimakawa. Amma kada a ɗauka shi ne shaidar halal. Ana iya samun sinadarin giya a cikin abin da babu dabba, shi kuma jan ƙwaron nan malamai sun saɓa a kansa. Indonesiya ta yi doka tun 2014 da ta shigar da kayan kwalliya cikin abubuwan da sai an tantance halaccinsu. Mu a nan ko maganar ba mu fara ba.

Ina ma za mu fara, mu da har yau ba mu san abin da ke cikin man da muke shafawa ba? Maganar bilicin nake yi, kuma ba zan gaji ba. A can ana jayayya ko an gwada abu a kan zomo. A nan gwajin a jikin matanmu ake yinsa, har da jarirai. Mai haɗa mai zai zauna a rumfarsa da roba da cokali, ya matse wannan ya zuba wancan, ya juya ya ɗura a kwalbar da ba suna ba lamba, uwa ta kai gida ta shafa wa ɗiyarta don kada dangin miji su ce ta haifi baƙa. A ciki akwai makuri mai lalata ƙoda, akwai haidirokwinon, akwai sitiroyid mai sa fata ta yi laushi har ɗinki ya ƙi kamawa bayan tiyata. A 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Ku shiga kasuwa gobe ku gani ko rumfunan sun ragu. Kwallin da muke rambaɗa wa jarirai ma, a 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jaririn iyaye 'yan Najeriya a Boston da dalma ta taru a jininsa, aka auna kwallin aka tarar sama da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Bayan abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010, wannan kaɗai ya isa ya hana mu barci.

In koma kantin. Abin da ya fi tsaya min a rai wata 'yar ƙaramar kwalba ce mai tambura biyun duka, ga zomo ga ganye. Na duba jerin abin da ke ciki, kusa da farko na ga Butyrospermum parkii. Man kaɗe ne. Man kaɗenmu da kakanninmu ke shafa wa cibiyar jariri da faso, an sa masa ƙamshi an rufe da murfin zinare. Da yarinyar ta juya min kuɗinsa zuwa naira sai da na sake tambaya.

Kwalbar ta ba ni labarin zomo, ta ba ni labarin ƙwaro da ƙudan zuma. Ba ta ce uffan a kan matar da ta tsinto ƙwarar ba.

Ni kuwa na san ta. Duk wanda ya taɓa zama a ƙauyukan Neja ko Kebbi ko Kwara da farkon damina ya san ta. Tun asuba take fita da kwando, da goyo a baya, tana laluben 'ya'yan kaɗanya a cikin ciyawa mai raɓa, inda kububuwa da gamsheƙa ke kwanciya, ba takalmin roba ba safar hannu. Ta dawo ta cire naman, ta dafa ƙwarar, ta shanya tana gudun ruwan sama, ta fasa, ta daka, ta soya a cikin hayaƙi, ta kai niƙa. Sannan aikin da ke karya ƙugu: ta sunkuya a kan kwano tana bugun ƙullun da hannu, tana yayyafa ruwa, har farin mai ya taso ya rabu da dusa. Ta kwashe ta sake dafawa ta tace. Itacen da za ta hura wutar da ruwan da za ta yi aikin duk a kanta ta ɗauko su. Ƙungiyar masu harkar kaɗe ta duniya, wadda ke da mazauni a Akra, ta ƙiyasta mata miliyan 16 ne ke wannan aiki a faɗin yankin da kaɗanya ke fitowa. Mafi yawansu ba sa kaiwa ga yin man ma. Buƙata ke sa su sayar da ƙwarar tun tana ɗanya ga ɗan kwangilar da ya zo da ma'auninsa da farashinsa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ba ita kaɗai aka manta ba. Ƙyallin da ke cikin hoda da jan baki sau da yawa daga wani dutse ne da ake kira maika, wanda ake tonowa a ramukan Jharkhand da Bihar a Indiya. A 2016 ƙungiyar Terre des Hommes ta ƙiyasta yara kusan 20,000 ne ke aiki a ramukan nan, kuma ramin kan rufta da su. Dutse ba dabba ba ne, don haka hodar na iya samun tamburanta biyu cif, ba tare da an yi ƙarya ko ɗaya ba. Wannan shi ne abin da na kasa haɗiyewa. Wanda ya iya bin diddigin sinadari har ɗakin gwaji don ya tabbatar ba a taɓa zomo ba, ya iya bin sa har ƙauye ya tambayi nawa aka biya.

Za a ce min akwai masu yi, kuma gaskiya ne: The Body Shop ya fara sayen man kaɗe kai tsaye daga ƙungiyar mata ta Tungteiya a arewacin Gana tun 1994. Sai dai 'yan tsiraru ne, kuma yawancin kaɗen da ake fitarwa ma masu yin cakulan ke kwashewa, ba mai tambayarsu.

Namu laifin ya fi nasu, don su baƙi ne. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta hana fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗe na wata shida. Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya ce Najeriya ce ke samar da kusan kashi 40 cikin 100 na kaɗen duniya, amma rabonta a kasuwar bai wuce kashi 1 ba. Hujjar ba ta da aibi. A sarrafa a gida, riba ta zauna a gida. Amma an saki sanarwar ne a tsakiyar kakar kaɗe, lokacin da mata suka riga suka tara kaya, nan take farashi ya faɗi. Mai masana'anta ya samu ƙwara da araha. Matar da ta yi sammako cikin macizai ita ta biya kuɗin gyaran. Kafin a rufe iyaka ai sai a fara sa ƙaramin farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba, a ba ƙungiyoyin mata injin niƙa da na bugu da rumbun ajiya, a kai maganin sarar maciji asibitocin yankin. Kuma a tsaya wa itacen kansa. Kaɗanya na ɗaukar shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, amma masu gawayi sun fi son ta saboda wutarta na daɗewa, ga tireloli nan kullum suna fita da buhunanta daga dazukan Neja. Gwamnonin jihohin nan sun san hanyoyin da motocin ke bi, sun san shingayen da ake karɓar haraji a kansu. Su fara daga nan.