Giya da tuƙi: jini ba ya ƙarya

Jama'a masu karatu, wannan mako za mu taɓo maganar da kunya ke hana mu yi. A Tawa, mai shan giya ɓuya yake, amma in ya gama bisa hanyar kowa yake tada mota.

Dokar hanya ta Nijar, wadda aka sabunta a 2014, ta hana tuƙi cikin maye. To yaya ake gane maye? Duniya ta daina dogara da jan ido ko tangaɗi. Awon jini ake, ko na numfashi. Faransa ta tsaida iyakarta bisa giram 0,5 na barasa cikin kowane litir na jini tun 1995, ta kuma rage shi zuwa 0,2 ga sababbin direbobi a 2015. Hukumar Lafiya ta Duniya ma 0,5 ɗin take shawartar ƙasashe kada su zarce.

Wannan adadi bai da wuyar kaiwa. Ƙaramin kofi guda yana ƙara kusan giram 0,2, babbar kwalba guda kuwa tana iya kai mutum bakin iyaka, alhali yana jin kansa garau. Hanta kan rage kusan giram 0,15 ne kawai cikin kowane litir na jini a awa guda. Goro, shayi mai ɗaci, wanka da ruwan sanyi, duk ba su gaggauta aikinta. Wanda ya raba dare yana sha, da asuba ma da sauran barasa cikin jininsa.

Ku dubi hanyar Tawa zuwa Tabalak da Abalak. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 cikin daƙiƙa guda. Raƙumi ya ratso da dare, ko amalanken jaki marar fitila, direban da barasa ta jinkirta wa ƙafa da daƙiƙa ɗaya tak ya riga ya afka. Daga nan sai a kwaso mutane zuwa asibitin Tawa, a ce tsautsayi ne. Tsautsayin da aka saya da kuɗi cikin kwalba, wa za a ɗora wa laifinsa?

Alhaji mai kamiyo, dukiyarka da rayukan yaran motarka suna hannun direbanka. Ka san halinsa kafin ka miƙa masa makulli. Ma'aikaci mai fita rangadi da motar gwamnati, walimar daren jiya tana tare da kai bisa hanya. Fasinja, in ka ji wari, sauka ka sanar da shugabannin tasha. Asarar kuɗin mota ta fi asarar rai sauƙi. Hukuma kuma ta wadata jandarmomi da ƴan sanda da na'urar awon numfashi, a riƙa awon babba da yaro ba sani ba sabo, har da masu haɗiyar taramol.

Allah ya kai kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa.