Mai sayar da labarin tubarsa, da wane mudu yake awo?

A shekarar 2003 wani Ba'amurke mai suna James Frey ya fito da littafinsa, A Million Little Pieces, ya ce tarihin rayuwarsa ne: yadda giya da hodar ibilis suka cinye ƙuruciyarsa, da yadda ya tsira bayan zaman gidan jiyya. A watan Satumba na 2005 Oprah Winfrey, mai shahararren shirin talabijin, ta yaba littafin a gaban jama'a, aka sayi miliyoyinsa. Ba a yi wata huɗu ba, a Janairun 2006, ƴan jaridar The Smoking Gun suka buɗe takardun ƴan sanda. Frey ya ce wata uku ya yi a gidan kaso a jihar Ohio. Takardu suka nuna ƴan sa'o'i ne ya yi a komisariya, aka sake shi. Akwai kuma haɗarin jirgin ƙasa da ya kashe ƴan mata biyu a Michigan, wanda ya cusa kansa a ciki alhali ba shi da hannu.

Da farko Oprah ta kare shi. Ranar 26 ga Janairu ta zaunar da shi a cikin shirinta, ya amsa laifinsa, ita ma ta roƙi masu kallo gafara.

Masu kare Frey suna cewa: ai ya sha ƙwaya da gaske, ya kuma daina da gaske, sauran gishiri ne aka ƙara wa miya. Wannan hujja ba ta tsayawa. Littafin almara, mai saye ya san abin da ya saya. Labarin wanda ya fita daga shaye-shaye kuwa, kamar takardar likita ake karanta shi. Masu sayensa su ne uwar da ɗanta ya lalace, da matar da albashin mijinta ke ƙarewa a mashaya, da shi kansa mashayin da ke neman ƙofar fita. A cikin littafin, Frey ya yi watsi da hanyar ƙungiyar Alcoholics Anonymous mai matakai 12, ya nuna cewa ƙarfin zuciya ya isa. Abin da ya ba wannan magana nauyi shi ne tsananin wahalar da ya ce ya sha. In wahalar ƙari ce, to shawarar a kan me ta tsaya? Duk gidan da tramol ya shiga a ƙasar nan ya san yadda iyaye ke riƙe maganar wanda ya ce ya daina.

Ana kuma cewa mashayi ba ya tuna komi daidai, don haka a yi masa uzuri. Gaskiya ne ƙwaya tana cin tunani. Amma mantuwa daban, ƙago daban. Ba wanda ke mantuwa har sa'o'i su zame masa watanni. David Carr, ɗan jaridar New York Times wanda shi ma hodar ibilis ta taɓa kayar da shi, ya nuna abin da ake yi da mantuwa. Don rubuta The Night of the Gun, wanda ya fito a 2008, bai yarda da ƙwaƙwalwarsa ba. Ya bi mutane kusan 60 da kyamara yana yi masu tambayoyi, ya nemo takardun kotu da na asibiti. Shekara da shekaru yana tuna wani dare da abokinsa ya fito masa da bindiga. Da ya tambaya, abokin ya ce a hannun Carr bindigar take. Haka ya rubuta, ko da yake labarin bai yi masa kyau ba.

Laifin bai tsaya ga Frey ba. Ɗan kasuwar da ya karɓi kaya bai kwance buhu ba, ya kuma rantse wa mai saye, ba ya cewa a je a tambayi manomi. Gidan buga littattafai na Doubleday ya liƙa wa littafin tambarin gaskiya, kuma Nan Talese, wadda ta buga shi, ta amsa a gaban Oprah cewa ba a bincika labarin ba. Da magana ta kai kotu, uwar kamfanin, Random House, ta yarda ta maida kuɗi ga wanda ya kawo shaidar saye, har da yagaggen shafi daga littafin. Waɗanda suka nema ba su kai 2,000 ba. Sauran bugu suka ci gaba da fita, da ƴar takardar bayani daga marubucin a gaba.