Barasa a Tankin Mota: Abin da Birazil Ta Gyara Kafin Ta Zuba

A watan Fabrairun 2022 dogayen layukan mai suka dawo Abuja da Legas, bayan an gano cewa jiragen ruwan da suka taso daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam sun shigo da fetur mai ɗauke da metanol fiye da kima. Motoci sun mace a kan hanya, masu su kuma suka yanke hukunci cewa duk wani dangin barasa guba ne ga inji. An yi gaggawar yanke wannan hukunci. A Birazil motoci sun shafe fiye da shekara 40 suna tafiya da itanol, wato barasar da ake tacewa daga rake. Gaskiya ne metanol ya fi itanol cin ƙarfe da roba, amma babban abin da ya bambanta labaran biyu shi ne ma'aunin iska da mai.

Inji ba ya ƙona mai shi kaɗai, sai ya gauraya shi da iska, kuma kowane mai da gwargwadon iskar da yake bukata. Kilo ɗaya na fetur yana bukatar kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai. Itanol kilo 9 ya ishe shi, metanol kuwa wajen 6.4, domin su biyun suna ɗauke da iskar oksijin a jikinsu. Saboda haka injin da aka saita don fetur, idan aka ba shi itanol zalla, yana bukatar ƙarin mai da ya kai kusan kashi 60 cikin ɗari a nauyi kafin ya cinye iskar da yake shaƙa. Idan bai samu ba, iska ta rinjayi mai: ƙarfi ya ragu, inji ya riƙa shaƙewa idan an taka totur, in kuma an ɗora masa kaya ya ɗau zafin da zai iya ƙona bawul. Idan aka wuce gona da iri wajen ƙarin, mai ya tafi a banza ta salansa.

Kafireta ba ta san abin da ke cikin tanki ba. Tana auna mai ne ta ɗan ramin da kanikawa ke kira jet, kuma faɗin ramin ba ya sauyawa don an sauya mai.

Wannan ne Birazil ta fahimta. Bayan tashin farashin mai na 1973, gwamnatin Ernesto Geisel ta ƙaddamar da shirin Proálcool a Nuwambar 1975. A 1979 kamfanin Fiat ya fitar da ƙirar 147 mai shan itanol zalla, wadda mutanen ƙasar suka yi wa laƙabi da sunan giyarsu ta rake saboda warin hayaƙinta. Aikin da aka yi wa irin waɗannan motoci ya wuce faɗaɗa jet. An ƙara matsin inji, tunda itanol yana jure matsi fiye da fetur, an lulluɓe kafireta da tanki da ƙarfen da barasa ba ta ci, aka kuma saka ɗan ƙaramin tankin fetur don tayar da mota da safe, saboda itanol yana da nauyin kamawa a lokacin sanyi. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 yawancin sababbin motocin da ake sayarwa a ƙasar na itanol ne.

Sai dai saitin da aka kafe a kan mai guda yana da nasa tarkon. A 1989 itanol ya yi ƙaranci, masu waɗannan motoci suka rasa tudun dafawa, kasuwarsu ta faɗi warwas. Ba ta farfaɗo ba sai a 2003, lokacin da Volkswagen ya fitar da Gol Total Flex. A wannan mota na'urar da ke jikin salansa tana auna ragowar oksijin a cikin hayaƙi, kwamfuta kuma ta gyara yawan man da injekta ke fesawa, ko da wane gauraye aka zuba. Tun daga nan direban Birazil yake da lissafinsa a gidan mai: tunda litar itanol ba ta kai ta fetur nisan zango ba, yana sayen ta ne idan farashinta bai wuce kashi 70 cikin ɗari na fetur ba.

Nijeriya ta fitar da manufarta ta man tsirrai tun 2007, da burin gauraya itanol kashi 10 cikin ɗari a fetur, kuma duk lokacin da aka tayar da maganar, gonakin rake da rogo ake lissafawa. Ba kasafai ake ambaton injinan da za su sha man ba. Kashi 10 yana sauke ma'auni daga 14.7 zuwa wajen 14.1 ne kawai, gibin da mota mai injekta za ta cike ba tare da direba ya sani ba. Amma babur ɗin ɗan acaba, da janaretan mai shago, da injin ban-ruwa na ɗan fadama, galibinsu da kafireta suke aiki, kuma masu su ne mafi ƙarancin halin sayen wani idan ya lalace. Ga shi itanol yana jan danshi, man da ya daɗe a tankin janareta da damina yana iya rabewa, ruwa da barasa su kwanta a ƙasa, daidai inda inji ke fara zuƙa.

Ba wannan ne zai sa a yi watsi da itanol ba, ƙasar da ke noma rogo fiye da kowace a duniya tana da hujjar gwadawa. Abin da ya wajaba shi ne a rubuta adadin barasar a jikin kowane famfon gidan mai, a riƙa gwada shi tun daga tashar jiragen ruwa, a kuma koya wa bakaniken bakin titi lambar jet da irin tiyon da suka dace da sabon man, kafin tankar farko ta bar daffo.