Majigi Ba Ya Saita Kansa

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da sababbin ma'aikata, akwai wani al'amari da muke rainawa a ɗakunan lacca da zaurukan taro, alhali kuwa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ina nufin majigi, wato na'urar nan da ke haska hoto a jikin bango ko farin ƙyalle. Ma'aikatu da makarantu sukan zuba kuɗi su sayo babba irin na ƙwararru, amma da wuya ka ji an ce ga wanda aka koya wa saita shi. Yadda ya fito daga kwali, haka zai tsufa.

Kakanninmu sun san majigi. Bayan da Turawan mulki suka kafa sashen shirya fim a 1939, motocin majigi suka yawaita a garuruwan Arewa, a kafa ƙyalle a ƙofar fada da dare, a nuna fina-finan tsafta da noma, irin su Baban Larai mai koyar da noman auduga. Ko me mutum zai faɗa game da manufar waɗanda suka kawo shi, da abin faɗa kuwa, mai majigi dai ma'aikaci ne da aka horar, kuma ya san na'urarsa. Yau na'ura ta fi ta da nesa ba kusa ba, amma an bar wa masinja, ko duk wanda ya fi kusa da soket.

Wani zai ce, to mene ne a ciki? A ƙasar Haɗejiya akwai abu a ciki. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin ta sauya, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa daga wajen Kirikasamma da Guri har zuwa Nguru, ga kuma ambaliya irin ta 2022 wadda ta sa mutanen gari kwana a bakin jinga suna jera buhunan ƙasa. Kowace shekara hukumomin tarayya suna fitar da hasashen ambaliya, kuma idan an tara hakimai da dagatai da manoma da masunta domin a yi musu bayani, taswira da hoton tauraron ɗan'adam ake haska musu. A irin wannan hoto launi shi ne magana. Koren kachala daban, koren shinkafa daban. Ja yana nufin wani abu, ruwan goro yana nufin wani. Idan majigi ya cakuɗa su, dagaci zai koma gida bai tabbata ko garinsa na cikin haɗari ba, jami'i kuma ya rubuta a rahotonsa cewa an wayar da kan jama'a.

Abin takaici shi ne gyaran ba ya cin ko sisi. Yawancin waɗannan na'urori suna da wani tsari mai tsananin haske wanda ke burge mai saye, amma yakan karkatar da launi zuwa kore-kore ko shuɗi-shuɗi. A bar shi, a zaɓi tsarin launi na gaskiya, wanda akan rubuta masa sRGB ko Rec. 709, a ajiye zafin launi a kan 6500. A kuma bar fitilar ta yi kamar minti 15 a kunne kafin a taɓa komai.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne ma'auni biyu. Na farko Turawa sun raɗa masa sunan "haske", alhali aikinsa shi ne tsayar da zurfin baƙi: ka ƙara shi da yawa, hoto ya yi toka-toka kamar garin da hazo ya rufe; ka rage shi da yawa, duk abin da ke cikin inuwa ya nutse. Na biyu, ma'aunin bambanci, shi ke tsayar da iyakar fari, kuma idan ya wuce kima farare duka su narke su zama abu ɗaya. Ga gwaji mai sauƙi wanda ya dace da mu: haska hoton baƙin mutum sanye da farar babbar riga. Daidaita na farko har ka ga idanunsa da tsagar fuskarsa, sa'an nan ka daidaita na biyu har zaren aska takwas ya fito a ƙirjin rigar. In ka sami biyun a lokaci guda, ka kusa gamawa. Kada kuwa a ɗauka masana'anta ta riga ta yi mana wannan aiki. Shekara da shekaru katin da kamfanin Kodak ke rarraba wa masu wanke hoto domin auna launi hoton Baturiya ne a jikinsa, sai a shekarun 1990 aka fito da mai ɗauke da baƙar mace.

Sauran a taƙaice. A ajiye majigi daidai saitin ƙyalle, maimakon a karkace shi sannan a nemi maɓalli ya miƙe hoton, domin wannan yana rage kaifin rubutu. Kada a ja hoto mai 4:3 a cika ƙyalle mai 16:9, taswira takan yi ƙarya. A saya wa tagogi labule. A riƙa kakkaɓe matatar iska, musamman da hunturu, don ƙura ce ke dusasar da hoto ta sa na'ura zafi. In an kashe kuma, a bar fankar ciki ta tsaya da kanta kafin a zare waya.

Shawarata ita ce kada wata makaranta ko ma'aikata ta sa hannu a takardar karɓar majigi sai ɗan kwangila ya zauna ya koya wa mutum biyu saitinsa, a rubuta lambobin a manna a jikin akwatin. Ƙungiyar ɗalibai ma tana iya shirya wannan horo a yini guda. In malami ake nema, ba sai an je Kano ba: masu gidajen kallon ƙwallo na cikin garin Haɗejiya sun iya, domin su ranar da 'yan kallo suka kasa bambance rigunan 'yan wasa, a ranar za su koma gidan maƙwabci.