Ra'ayinmu: Asirin Majinyaci a Ɗakin Malamai

A zangon karatun da ya gabata, wata malama a ɗaya daga cikin makarantun reshen nan ta kwanta asibiti aka yi mata aiki. Ranar Litinin da safe maigidanta ya kai takardar likita ofishin shugaban makaranta, kamar yadda ƙa'idar aiki ta tanada. Shugaban ya ɗora takardar a kan tebur, ya danne ta da rajistar malamai, ya fita zagayen azuzuwa. Duk wanda ya shigo sa hannu a rajistar sai ya ɗaga ta, duk wanda ya ɗaga ta sai idonsa ya faɗa kan abin da ke ƙasa. Kafin a tashi tara, babu wanda bai san irin aikin da aka yi mata ba a ɗakin malamai. Kafin ƙarshen mako, surukarta ta ji labarin a bakin wata maƙwabciya, alhali ma'auratan ba su gama shawarar yadda za su sanar da ita ba. Malamar ta warke, ta dawo aiki, ba ta yi wata guda ba ta rubuta takardar neman canjin makaranta.

Ba za mu faɗi sunanta ko na makarantar ba, domin yin haka maimaita laifin ne. Abin da ya sa muka kawo labarin shi ne babu mugu ko ɗaya a cikinsa. Shugaban bai yi nufin tona mata asiri ba. Waɗanda suka yaɗa maganar, yawancinsu da tausayi suka yaɗa ta, har da addu'a. Duk da haka an cuce ta, cutar da likita ba shi da maganinta, kuma mu abokan aikinta ne muka yi mata.

Dalilin kai takardar likita makaranta ɗaya ne: hukuma ta tabbatar cewa malami bai zo aiki ba ne bisa uzurin rashin lafiya, ta san kwana nawa aka ba shi, ta san ko zai dawo da cikakken aiki ko sai an rage masa nauyi. Wannan ya isa a raba azuzuwansa, a gyara jadawali, a hana a taɓa albashinsa. Sunan cutar ba ya ƙara komai a kan wannan lissafi. Malamin da zai riƙe aji biyar na mako uku ba ya buƙatar sanin ko basir ne ya kwantar da mai ajin, ko ɓari, ko ciwon hanta. Idan jinya ta yi tsawo har aka kai ga kwamitin likitoci, to likitoci ne ke duba bayanin, su ne kuma ke faɗa wa hukuma ko mutum zai iya ci gaba da aiki.

Amma dubi hanyar da takardar ke bi a zahiri. Daga hannun ɗan'uwan majinyaci takan fara biyawa shagon kwafin takardu na bakin kasuwa, inda yaron shago ke karanta abin da aka miƙa masa kafin injin ya ɗumama. Daga nan sai teburin shugaban makaranta, sai hannun masinja ko wani malami da ke da babur kuma hanyarsa ta biyo ta sakatariya, sai ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, inda akawu zai buɗe ta ya saka a fayil. Wani lokaci ta ƙarasa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. A duk wannan tafiya da wuya a ga an sa ta a ambulan an liƙe. Aikin gwamnati a ƙasar nan ya daɗe da sanin bambanci tsakanin buɗaɗɗen fayil da fayil na sirri, har kowanne da wurin ajiyarsa. Takardar gargaɗi kan samu shiga na sirri. Takardar da ke ɗauke da sunan ciwon mutum kuwa, sau da yawa ana cusa ta inda kowa zai iya kai hannu.

Wayar hannu ta ƙara wa abin gudu. Dandalin WhatsApp na malamai ya zama wurin da ake ɗora hoton takardar asibiti, wani lokaci har da hoton majinyacin kwance da robar ƙarin ruwa a hannu, a ƙasa a rubuta lambar asusun banki. Niyyar kyakkyawa ce, kuma mun san kuɗin da ake tarawa ta wannan hanya sun sha fid da mutane daga kunya a gaban teburin biyan kuɗin asibiti. Sai dai saƙon da aka tura wa mutum arba'in, kafin magariba yana wayar mutum ɗari huɗu, babu kuma mai iya dawo da shi. Magana zarar bunu ce tun tana fita daga baki kawai, balle yanzu da take fita da hoto.

Doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa kariya a kan sirrinsa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganganunsa ta waya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 26, ta bayyana cewa duk bayanin da ya shafi lafiyar mutum, da maganin da ake yi masa, da zamansa a asibiti, sirri ne, ba a bayyana shi sai da rubutacciyar yardar mai shi, ko umarnin kotu ko wata doka, ko inda ɓoyewar za ta zama babbar barazana ga lafiyar jama'a, da wasu 'yan togaciya da suka shafi yara da waɗanda ba sa iya yanke wa kansu shawara. A shekarar ta 2014 ne kuma aka sa hannu a dokar hana wariya ga masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, wadda ta hana a gindaya gwajin cutar a matsayin sharaɗin ɗaukar aiki, ta kuma hana bayyana matsayin mutum ba da yardarsa a rubuce ba. Sai Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta sa bayanin lafiya cikin jerin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman, ta kuma kafa hukumar da ake kai wa ƙorafi. Mun jero waɗannan ne domin shugabannin makarantu da ma'aikatan ofisoshin ilimi su san cewa abin da ke hannunsu amana ce mai doka a bayanta. Ba ma fatan mu ga ranar da malami zai maka ɗan'uwansa a kotu a kan gulmar ɗakin malamai.

Akwai masu cewa wannan ɗabi'ar Turawa ce, mu a wurinmu ciwon ɗaya na kowa ne, dubiya haƙƙi ce, kuma ba a taimakon wanda bai faɗi damuwarsa ba. Maganar tana da nauyi, ba za mu yi watsi da ita ba. Dubiya haƙƙi ce a Musulunci, haka take a Kiristanci, kuma ƙungiyar da mambanta zai kwanta wata guda babu wanda ya leƙa shi ba ta cancanci sunanta ba. Amma a duba yadda magabatanmu suka tsara gaisuwar majinyaci. Ka ce masa, “Ya jiki?” Ya ce, “Da sauƙi.” Ka ce, “Allah Ya ƙara sauƙi.” Ka ajiye abin da ka riƙo, ka ɗan zauna, ka tashi. Babu inda aka ce ka tambaye shi abin da gwaji ya nuna, ko ka ɗauki kwalin maganinsa kana jujjuyawa kana karanta sunan. Mutanen da suka sa rufin asiri a sahun gaba na abin da suke roƙon Allah kullum, ba su ne za a koya wa darajar sirri daga waje ba. Su ne suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Wasu kuma damuwarsu ta aiki ce. Malamai sun yi ƙaranci, aji ɗaya ya cika ya batse, idan mutum guda ya kwanta nauyinsa a wuyan sauran yake sauka. Daga nan zargi ke shigowa: anya ciwon gaske ne, ko gona ya tafi, ko kasuwa? Ga kuma tsoron tantance ma'aikata, inda wanda ba a gani ba ranar da kwamiti ya zo zai iya wayar gari sunansa na cikin ma'aikatan bogi, albashinsa a tsaye. Wannan tsoro ne ke sa malami da kansa ya riƙa yawo da sakamakon gwajinsa yana nuna wa kowa, don kada a ce ƙarya yake yi. A nan ne muke ganin abin ya fi muni, domin mutum ya sayi amincewar abokan aikinsa da asirinsa. Tabbatar da sahihancin takarda aikin hukuma ne, tana da hanyar tuntuɓar asibitin da ya bayar da ita. Wanda ya kawo ta ƙarya a hukunta shi, ƙungiya ba za ta tsaya masa ba. Amma ba a kafa kotu a ɗakin malamai ba, kuma babu wanda majinyaci zai gurfana a gabansa a can.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta cuta mai yaɗuwa, domin yaran mutane ne a hannunmu. Tarin fuka misali ne: ta iska yake yaɗuwa, aji mai cunkoso da ƙarancin tagogi kuwa ya dace da shi. To amma ko a nan, hanyar ita ce ma'aikatan lafiya su bibiyi waɗanda suka yi cuɗanya da majinyacin, likita ya faɗi lokacin da zai iya komawa aji. Maganin na wata shida ne a mafi yawan lokuta, kyauta ake bayar da shi a cibiyoyin gwamnati, kuma wanda ya riƙe shi da kyau haɗarin yaɗawarsa kan ragu sosai cikin 'yan makonnin farko. Malamin da ya san za a yi ta nuna shi da baki, shi ne zai ɓoye tarinsa ya ci gaba da shiga aji yana shan maganin gargajiya. Tona asiri ba ya kare ɗalibai, korar majinyata daga asibiti yake yi. Sauran cututtukan da aka fi gudun mutane a kansu ma ba sa yaɗuwa ta zaman aiki. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu, duk da abin da aka daɗe ana faɗa. Ba a ɗaukar cuta mai karya garkuwar jiki ta musabaha ko shan ruwa a moɗa ɗaya. Sikila gado ce. Wanda ya je asibitin ƙwaƙwalwa saboda damuwa ta yi masa yawa bai zama abin tsoro ga yara ba.

Abin da ke biyo bayan fallasa kuwa mun sha gani. Iyaye su taso a canza wa ɗansu aji. Sunan malami ya zo a jerin waɗanda za a ba shugabancin makaranta, wani ya ce ai ba shi da lafiya, maganar ta mutu a nan ba tare da an rubuta dalili ba. Budurwa mai koyarwa ta ga an fasa kawo kuɗin aurenta. Ga mata abin ya fi tsanani, domin yawancin abin da ke kai su asibiti ya shafi ɗakin aurensu kai tsaye.

Mu ma a ƙungiya ba mu wanke ba. Kwamitin walwala ya saba neman a kawo takardun asibiti kafin a fitar da tallafi, a karanta su a gaban mutum bakwai ko takwas, wani lokaci sunan cutar ya shiga rubutaccen bayanin taro. Ya kamata wannan ya tsaya. Mutum biyu da aka amince da su, mace da namiji, sun isa su ga takarda su shaida wa kwamiti cewa buƙatar gaskiya ce, su mayar wa mai ita abarsa. Neman gudummawa a dandali kuma kada a yi shi sai an tambayi majinyacin ko wakilinsa, shi zai faɗi abin da za a rubuta da abin da za a bari. “Ɗan'uwanmu yana jinya, yana buƙatar taimako” ya isa ga duk mai niyyar bayarwa.

Muna roƙon shugabannin makarantu su riƙa karɓar takardar da hannunsu, su rubuta “hutun jinya” kaɗai a rajista, su aika da ita sama a rufe. Mambobi kuma su sani suna iya roƙon likita ya rubuta takardar uzuri mai ɗauke da adadin kwanaki, cikakken rahoto ya zama daban idan hukuma ta nema. Iyalai, ku da kuke amsa waya kuna tarbar 'yan dubiya, iyaye mata da 'ya'ya da ƙanne, ba rashin kunya ba ne ku tsaya a kan “da sauƙi, mun gode”, ko da mai tambayar shugaban makaranta ne. Wanda kuma ya ga dama ya faɗi ciwonsa da bakinsa, abinsa ne, babu mai hana shi. Wanda ya faɗa wa ne ba shi da izinin kai shi gaba.

Shugabannin reshe za su gabatar da batun tsarin kwamitin walwala a taro mai zuwa, tare da daftarin wasiƙar da muke son aika wa sakataren ilimi a kan yadda ake ajiye takardun jinya. Duk mamban da irin wannan ya taɓa shafa yana iya ganin sakataren reshe shi kaɗai, ba sai ya rubuta komai ba.