Raddi ga Malamin da Ya Kira Godiyata Riya

Allah gafarta Malam, na karanta takardarka kan walimar da 'ya'yana suka shirya mini ranar da na cika shekara 60, da saƙon godiyar da na aike wa waɗanda suka zo. Laifi uku ka ɗora mini: bidi'a, koyi da Nasara, da riya.

Ka ce Annabi (SAW) bai yi ba, sahabbai ma ba su yi ba. Haka ne. Amma Malam ya fi ni sanin ƙa'idar malaman usulu: ibada ba a taɓa ta sai da nassi, al'ada kuwa halal ce har sai nassi ya hana. To wa ya ce walimata ibada ce? Ban ƙara raka'a ba, ban kira ranar idi ba. Tuwon shinkafa aka ci da miyar taushe, limamin unguwa ya yi addu'a, aka watse kafin magariba.

Kuma tsayawa a ƙirga shekaru ba baƙon abu ba ne a addini. Aya ta 15 ta Suratul Ahƙafi ta ambaci wanda ya kai shekara 40, farkon roƙonsa kuwa shi ne a ba shi ikon gode wa ni'imar da aka yi masa da iyayensa. Muslim ya ruwaito cewa da aka tambayi Manzo game da azumin Litinin, sai ya nuna a ranar aka haife shi. Na san za ka ce azumi ya yi, ba tuwo ya tuƙa ba. Na yarda. Abin da nake ɗauka daga hadisin kawai shi ne ranar ta isa a tuna ta da godiya. Sittin ɗin ma Bukhari ya ruwaito cewa wanda Allah ya kai shi nan, an yanke masa uzuri. In da lissafin Hijira ne, na doshi 62, Manzo kuwa 63 ya yi a duniya. Wanda ya zo wannan gaɓa, in ya tara danginsa ya roƙi gafararsu yana ji yana gani, ban ga inda ya kauce ba.

Fatawar Shehu Bin Baz da ka kawo, ba na musun ta. Sai dai ba ijma'i ba ce. Darul Ifta ta Masar ta halatta abin, kuma a 2008 Shehu Salman al-Auda ya ce babu laifi muddin ba a mai da shi idi ba, Muftin Saudiyya ya mayar masa da martani. Mas'alar da manya suka saɓa a kanta, ba a zare wa ɗan'uwa takobi.

Batun Nasara ba zan daɗe a kai ba. Jikoki sun kawo kek, na yanka na ci. Da suka fito da kyandir na ce a mayar. Kalandar da aka ƙirga mini sittin da ita kuwa, ita gwamnati ke bi ta yi wa ma'aikaci ritaya in ya cika 60 ko ya yi shekara 35 yana aiki, kuma ban ji Malam ya ƙi karɓar fansho ba.

Riya ce ta fi yi mini zafi. Yayata, da ciwon gwiwarta, ta hau motar haya tun daga Funtuwa, ta zo da ƙullin daddawa da kuka a leda. Wani abokina da ya ara mini kekensa wata shida lokacin da na fara koyarwa, ɗansa ne ya riƙo hannunsa har cikin zaure, don ido ya tafi. Waɗannan mutane, in ban ce musu na gode ba, me zan ce musu? Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hadisin da ya ɗaure godiyar Allah da godiyar mutane, kuma daga bakinka na fara jin sa. Abin da ke zuciyata kuwa, ba ka tsaga ta ba.

Inda nake bayanka shi ne masu kama zauren taro na miliyoyi, ana liƙi ana tattake kuɗi, maƙwabci bai ɗora tukunya ba. Wannan almubazzaranci ne, ko a ɗaurin aure aka yi shi ko a suna. Su ya kamata alƙalaminka ya nufa.

Ba ka zo ba, na ba ka uzuri. Amma an kai kasonka gida, kwanon kuma ya dawo a wanke. Shi ya sa, Malam, sunanka yana cikin waɗanda na yi wa godiyar.